Igiyar Wuya: Nasiha Ga Samarin Adar

Makon jiya, bayan magariba, ɗan ƙanwata ya yi mini sallama, hannunsa riƙe da baƙar leda. Muka gaisa, na tambaye shi mutanen gida, ya yi ta sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, har na fara zaton maganar aure ce ta kawo shi. Can sai ya zaro wani ƙyalle mai walƙiya, ruwan ɗorawa, da zanen furanni ɓaro-ɓaro, ya ce, "Kawu, jibi zan koma Tawa. Ran Litinin zan tsaya gaban malamai in kare kundina, an ce sai da karabat. Don Allah ka ɗaura mini shi yanzu, in sassauta in cire ta ka, in ranar ta zo sai in zura abina."

Na ce masa ba zan ɗaura ba, ya shiga cikin gida ya ce wa gwaggonsa ta ba shi madubi, ya dawo mu zauna.

Abin da ya zo nema ni ma na taɓa nemansa, aka ba ni, na kuwa ji a jikina. Shekarar da na fara zuwa Yamai neman aiki, wani ɗan garinmu da ya riga ni shiga birni ya ɗaura mini karabat sau ɗaya, na riƙe wannan ƙulli kusan shekara uku ban kwance ba. In za ni wani wuri in zura kai in ja, in na dawo in sassauta in rataye a ƙusa kamar linzami. Ƙullin ya yi ta tsukewa yana shan gumi har ya koma kamar ƙwallon goriba da yara suka gama gwaigwaya. Ranar da aka kira mu ganawa a wani ofishi, muna jira a baranda, zafi ya ishe ni, na ja shi don in sha iska. Sai siririn bakin ya zame, ƙulli ya warware a hannuna. Saura mutum biyu a kira sunana. Na ɗaure shi yadda ake ɗaure bakin buhun hatsi, na shiga. Mutum uku ne a bayan tebur. Babbansu, wani dattijo mai furfura, ya dube ni daga wuya zuwa ciki, ya ajiye Faransanci ya ce da Hausa, "Samari, wa ya ɗauro ka? Ina turken?" Sauran suka kwashe da dariya. Tambayoyin da suka biyo baya duk na san amsarsu, amma harshena ya riga ya sarƙe.

Shi ya sa nake rubuto muku wannan, ku ƴaƴanmu na Keita da Tamaske da Ibohaman da Garhanga, da ƴan'uwanku na Buza da Madawa, waɗanda kuka ci jarrabawar bak kuka tafi jami'ar Djibo Hamani a Tawa ko ta Abdu Mumuni a Yamai, da waɗanda ke shirin jarrabawar konkur ko neman aiki a banki da ƙungiyoyin agaji. Wata rana za a ce muku sai da karabat. Ina so ranar ta same ku da shiri.

Mu nan Nijar karabat muke cewa, don daga bakin Faransawa muka ji shi. Ƴan'uwanmu na Sakkwato da Kano suna cewa naktai, don su Ingilishi ne ya kai musu. Tsofaffinmu kuwa ba su wahalar da harshensu ba, igiyar wuya suka sa masa, kuma kakata har ta rasu ba ta daina mamakin yadda mutum zai yi shekara goma sha biyar a lakkwal don a ƙarshe ya ɗaure kansa kamar ɗan akuya ba. Su kansu Faransawan aro suka yi. A lokacin wani dogon yaƙi da aka yi a Turai daga 1618 zuwa 1648, sarkin Faransa ya ɗauki sojojin haya daga Kuroshiya, mahaya dawakai masu ɗaura ƙyalle a wuya. Mutanen Faris suka gani ya ba su sha'awa, suka kwaikwaya, suka kira ƙyallen da sunan ƙabilar masu shi, har sunan ya lanƙwashe ya zama karabat. Har gobe ƴan Kuroshiya na bikin ranar karabat kowace 18 ga Oktoba. Siffar da kuka san shi da ita yau kuwa wajen shekara ɗari ke nan da fitowarta: wani maɗinki a birnin Niyok mai suna Jesse Langsdorf ne, a shekarun 1920, ya gano cewa in aka yanka yadin a karkace, aka haɗa shi gida uku, zai sauka sambal ba tare da murɗewa ba.

Na kawo wannan tarihi ne saboda maganar da nake ji a majalisa, cewa wai karabat alamar gicciye ce da aka ɓoye. Ni dai abin da na karanta shi ne na faɗa muku: ƙyallen sojan doki ne, ya zama ado, ado ya zama al'adar ofis. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba ya bari, ba wanda zai ce ya yi laifi. Amma kada ka kafirta abokinka don ya sa shi ya je neman abinci.

Mu mutanen Adar ba baƙin ɗauri ba ne. Ka tsaya ka kalli dattijo yana naɗa rawani da safe, ko Ba'abzine yana gyara amawali kafin ya shiga kasuwa. Ba ya gaggawa. Ya san inda zai fara, ya san zagaye nawa zai yi, ya san inda zai soke bakin. Kai da kanka, daga nesa kana iya gane rawanin malami da na basarake da na wanda ya ara don ɗaurin aure. In rawani ya zame wa mutum ya rufe masa ido a tsakiyar taro, yara ma sai sun dara. To, haka karabat yake a wurin masu shi. Yana magana kafin ka buɗe baki, kuma waɗanda za ka tsaya gabansu sun iya karanta shi kamar yadda kake karanta karin hula. Ba dole ba ne ka sa shi. Kaftani mai tsabta da hula mai kyau sun fi karabat ɗin da aka ci zarafinsa sau goma, kuma a yawancin ofisoshin ƙasar nan ba mai korar ka don ka zo da su. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. In kuwa ka tashi, to ka taka daidai.

Tun a kasuwa ake fara kuskure. Yaro ya je wurin masu bosho, wato gwanjo, a Tawa ko Ƙonni, ko ya shiga kasuwar Wadata a Yamai, ya ga an rataye su reras kamar kilishin Madawa, sai idonsa ya tafi kan wanda ya fi ƙyalli. Wannan shi ne wanda za ka bari. Karabat ɗin farko da namiji zai mallaka shuɗi ne mai duhu, irin duhun turkudi, ba zane ko da ɗigo-ɗigo ƙanana da sai an matso ake gani. Na biyu ja ne mai duhu, kalar zoɓo da ya jiƙu sosai. Waɗannan biyun za su kai ka ganawar aiki, su kai ka gaban malamai, su kai ka taron ma'aikata, ba wanda zai ce ka maimaita. Baƙi wuluk a wurin Turawa na zaman makoki ne da liyafar dare, kuma a kan farar riga da rana yakan sa a ɗauke ka mai kai abinci a otel. Mai zanen tuta, mai hoton ƙwallo, mai sunan kamfanin da ba ka san ko me yake sayarwa ba, duk ka bar wa mai bosho kayansa.

Ka kula da faɗi. Yawancin na kirki faɗinsu a wurin da ya fi faɗi santimita 7 zuwa 9 ne, tsawonsu kuma wajen mita ɗaya da rabi. Siririn saurayi ya ɗauki mai ɗan tsukewa, mai jiki ya ɗauki mai faɗi, kuma in da kwat za ka sa, faɗin karabat ya yi kusa da faɗin kunnen kwat ɗin. A cikin bosho za ka tarar da wasu masu faɗin tafin hannu biyu, ragowar yayin shekarun 1970, da wasu sirara kamar igiyar takalmi. Duka biyun ba naka ba ne. Dogo kuwa, irin dogayen da Allah ya hore wa yankin nan, ya gwada a wuyansa tun a gaban mai kaya, don gajeren karabat ba shi da magani.

Kafin ka ba da kuɗi, riƙe shi ta siririn baki ka sake shi ya rataya. In ya sauka a miƙe, an yanka shi yadda ya kamata. In ya juya kamar wutsiyar ƙadangare, haka zai yi ta juyawa a ƙirjinka har ranar da za ka gaji ka jefar. Ka duba wurin da ƙulli ke zama, don can maiƙon wuyan mai shi na farko yake taruwa. Ka duba bakin ƙasa, can miya ke ɗiga. Ka shinshina. A bayansa za ka ga wani zare guda da ya bi tsawonsa, wani lokaci da ɗan madauki a ƙarshe. Ba kuskuren tela ba ne, shi ke ba shi damar miƙewa ya koma, kada ka sa reza.

Sa'annan ka juya ka karanta ƴar takardar da ke liƙe a baya, don akwai maganar da littattafan ado na Turawa ba za su taɓa gaya maka ba. Su a wurinsu sarkin karabat shi ne na alharini zalla, irin wanda ake saƙawa a garin Komo na Italiya. In ka ga an rubuta "soie" da lamba 100, shi ne. Mu kuwa mun tashi mun ji malamanmu na karantar da cewa an hana namiji Musulmi sa alharini da zinariya, an yi rangwame ga abin da bai wuce faɗin yatsa huɗu ba a jikin tufa. Ko karabat ya shiga cikin wannan rangwame ko bai shiga ba, malamai sun yi magana iri-iri, kuma ni ba ni da hular ba da fatawa. Je ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Abin da ni nake yi shi ne in kauce wa shakka: in nemi na auduga, ko na ulu mara nauyi, ko na roba mai kyau wanda ba ya ƙyalli. Mafi yawan sababbin da ke shigowa kasuwanninmu daga ƙasar Sin ai na roba ne ko da sun yi santsin alharini. Akwai gari guda a lardin Zhejiang, Shengzhou, da ke ɗinka kaso mai yawa na karabat ɗin duniya. Haka ma ɗan maƙalen ƙarfen da ake kama karabat da riga: ka bar na zinariya, na azurfa ko farin ƙarfe ya ishe ka.

Karabat ba ya tafiya shi kaɗai, kuma rabin kyansa a wuyan riga yake. Sau nawa na ga saurayi ya sayi karabat mai tsada ya ɗora a kan rigar yayansa, wuyan ya yi masa yawa, ƙulli ya tattare yadin kamar bakin jakar kuɗi. Wani kuma tasa ta matse shi har jijiyoyin goshi sun fito. Ma'auni mai sauƙi ne: in ka ɓalla maɓallin sama, yatsunka biyu su shiga tsakanin wuyanka da riga ba tare da kokawa ba. Ba maganar ado kaɗai ba ce. A 2018 wasu likitoci a garin Kiel na Jamus sun auna samari da na'ura, suka ga karabat ɗin da aka tsuke sosai yana rage jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa da wajen kashi 7 da rabi cikin ɗari. Ranar da kake buƙatar kowane ɗigo na basirarka ba ranar shaƙe kanka ba ce. In wuyan rigar bai yi ba, kai wa tela ya matsar da maɓallin, aikin minti biyar ne.

Rigar ta zama fara ko shuɗi mai haske, ta auduga, mai dogon hannu. Na san malaman lakkwal na ƙauye da yawa da suka yi shekaru suna sa karabat a kan riga mai gajeren hannu saboda zafi, kuma ban ga laifinsu a cikin aji ba. Amma ranar da za a auna ka, sa mai dogon hannu. Karabat ya fi riga duhu. In rigar na da zane, karabat ya zama lami. In karabat na da zane, rigar ta yi shiru. Maroƙa biyu ba sa kirari lokaci guda a ji abin da suke faɗi.

To, ga ɗaurin. Wasu masana kimiyya biyu a jami'ar Kambirij, Thomas Fink da Yong Mao, sun zauna a 1999 sun ƙirga hanyoyin da za a iya ƙulla karabat, suka samu 85. Allah ya ba su lada, kai ɗaya kake buƙata. Ɗaga wuyan riga, ka ɓalla maɓallin sama. Rataya karabat a wuyanka, ɗinkin na kallon jikinka, faffaɗan baki a dama ya sauka ƙasa sosai, siririn a hagu ya tsaya sama da cibiya. Gitta faffaɗan a kan siririn zuwa hagu, zagayo da shi ta ƙarƙashi ya dawo dama, sake gitta shi ta gaba zuwa hagu. Yanzu turo shi sama ta cikin zoben da ke wuyanka har ya leƙo ƙarƙashin haɓa, sa'annan ka soka shi ƙasa ta cikin ɗamarar da ka yi a gaba. Kafin ka tsuke, sa ɗan yatsa a tsakiyar yadin, dab da ƙulli, ka matse gefe da gefe, don ya bar ɗan kwarmi kamar na kumatun yarinya in ta yi murmushi. Wannan ɗan kwarmin shi ke raba wanda ya ɗaura da hannunsa da wanda aka ɗaura wa. Riƙe siririn da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya tura ƙullin sama a hankali har ya rufe maɓallin. Sauke wuyan riga, ka shafa ta baya ka tabbata ƙyallen bai leƙo a ƙeya ba.

Ƙullin zai ɗan karkace gefe guda. Haka yake, kada ka yi faɗa da shi. Akwai wani babba mai kusurwa uku da ake kira da sunan Windsor, wani sarkin Ingila da ya sauka daga gadon mulki a 1936, kuma samari na son sa don yana cika wuya. Yana da kyau ga mai faffaɗar fuska da riga mai buɗaɗɗen wuya, amma yana cin tsawo, kuma a wuyan siririn yaro yakan zama kamar an rataya masa albasar Galmi. Ka ƙware a ƙaramin tukuna.

Tsinin karabat ya taɓa kan ƙarfen santir ɗinka, wato bel, ba sama ba, ba ƙasa ba. In ya tsaya a tsakiyar ciki ka zama yaron da ya girmi rigar Sallarsa. In ya wuce ya sauka gaban wando, ba sai na faɗa ba. Siririn bakin kada ya fi faffaɗan tsawo, a zura shi cikin madaukin da ke baya. Ba za ka dace da tsawon a karon farko ba, ko na biyar. Kwance ka sake, kana matsar da wurin da ka fara, har hannunka ya haddace. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka fara mako guda kafin ranar, safe da yamma, har ka iya ba madubi.

Duk wannan kowane Bature zai iya koya maka. Abin da ba zai koya maka ba shi ne yadda ake zama da karabat a ƙasar da zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, inda hunturu ke shigo da ƙura ta ƙarƙashin ƙofa, inda ake alwala sau biyar. Kada ka ɗaura shi tun daga gida ka hau kabu-kabu ko motar kasuwa. Naɗe shi kamar tabarma ka sa a aljihu ko cikin leda, in ka isa ka nemi inuwa, ka share gumi, ka ɗaura. Wanda ya iya ɗauri minti ɗaya ya ishe shi, kuma nan ne ribar koyo take. In za ka yi alwala, soka shi cikin riga tsakanin maɓalli na uku da na huɗu, haka kuma in za ka yi sallah, don kada ya riga goshinka isa ƙasa. In an kawo fura ko tuwo da miyar kuka, nan ma a soke. Ɗigon mai a kan karabat ya fi bashi wuyar fita.

Akwai wuraren da ba maganar kyau ba ce, maganar rai ce. Kada ka kusanci injin niƙa ko injin ban ruwa na lambun albasa da abu yana reto a wuyanka. Ku da kuka karanta aikin gona za a tura ku fadamun Tarka da Magiya, ku bar karabat a biro, wato ofis. Ku masu karatun likita, a 2007 hukumar lafiya ta Ingila ta fitar da ƙa'idar da ta nemi likitoci su daina sa shi lokacin duba marasa lafiya, don tufa ce da ba a cika wankewa ba, tana shafar wannan gado ta shafi wancan.

Da ka dawo gida, kwance shi. Ba jan siririn baki ta cikin ƙulli ba, a'a, ka bi hanyar da ka ɗaura ka koma da baya. Rataye shi ya kwana ya huta, gobe ka naɗe ka sa a cikin gwangwani mai murfi ko akwati, inda ƙura da gara ba za su same shi ba. Kada ka jefa shi cikin kayan wanki a cuɗe shi da sabulu a murɗe, abin da ke cikinsa zai tattare, ba zai sake miƙewa ba. In ya yi tabo, ɗan ƙyalle mai ɗanshi a dangwala a hankali. Dutsen guga na gawayi kuwa abokin gabansa ne: na roba narkewa yake yi, na kirki kuma ya mutu ya yi sheƙi kamar bayan tukunya. In ya yamutse, riƙe shi a kan tururin butar shayi, zai saki.

Wata kalma game da biki, tun da na ga yayin ya iso mu. Abokan ango su goma su yi ankon karabat ja mai walƙiya, da tabarau baƙi, da kwat mai kauri, a tsakar rana, gumi na bin su har cikin takalmi, don a ɗauki hoto a sa a Facebook. Kuɗinku ne, kuma ƙuruciya ba ta zuwa sau biyu. Amma ku dubi hoton nan da shekara goma, ku dubi na iyayenku da shadda da hula, ku gaya mini wanda ya tsufa. Wanda kuma zai ci bashi don sayen kwat na rana ɗaya, gara ya ari karabat wurin aboki ya sa a kan rigarsa mai tsabta. An ce zanen aro ba ya rufe katara, amma wannan ai wuya aka ce ya rufe.

Kada kuma ku ɗauka duniya duka ta durƙusa wa ƙyallen nan. Mobutu ya hana shi a Zayar tun farkon shekarun 1970, ya tilasta wa ma'aikata wata riga da ake kira abakos, bai janye ba sai 1990. Shugabannin Iran sun ajiye shi tun juyin 1979. Japan, ƙasar da a da ma'aikaci ba ya fita sai da kwat, ta fito da tsari a 2005 cewa a cire karabat da bazara, a bar na'urar sanyaya ɗaki a digiri 28 don a rage shan lantarki. In mutanen da zafinsu bai kai rabin wahalar namu ba sun sassauta, ba mu ne za mu mai da shi farilla ba. Ni ban goyi bayan mai hanawa da doka ba, ban kuma goyi bayan mai tilastawa ba. Ba siyasa nake ba, amma ku tuna hotunan Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta nan jiharmu, a shekaru goma da ya yi yana mulki daga 2011: a taron ƙasashen duniya kwat da karabat, a gida farar babbar riga da jar hula. Ya san wurin kowanne.

Mu ƴan Keita mun ga wannan da idonmu. Da aka buɗe Furoje, wato aikin farfaɗo da ƙasar Keita, a 1984, bayan farin da ya kusa tashin garuruwanmu, da kuɗin Italiya da hannun FAO da abincin PAM, mutanen da suka zo daga ƙasar da ta fi kowa iya saƙa karabat ne. Ni dai ban taɓa ganin ɗayansu da shi a kan fako ba. Hular rana ce da takalmin dutse, suna tsaye tare da iyayenku mata da ke ɗaukar duwatsu a ka ana jera su don tare ruwa. Sai ranar da manyan baƙi za su zo daga Yamai ake ganin ƙyallen ya fito daga akwati, da yamma kuma ya koma. Itatuwan da kuke shan inuwarsu yau ba mai karabat ba ne ya haƙa raminsu. Saboda haka in Allah ya ba ka kujera, ka zo gida hutu, cire shi tun a tasha. Kada mahaifinka ya ɗaga kai daga tabarma ya ga kana neman yadda za ka durƙusa ba tare da ƙyallenka ya taɓa ƙasa ba. Kada kuma ka bari manomi ya shigo biro ɗinka ya kasa faɗin abin da ya kawo shi don ya ga wuyanka a ɗaure.

Ɗan ƙanwata dai mun kai har bayan lisha muna fama. Na farko ya fito kamar ƙullin laya, na huɗu ya tsaya masa a ƙirji, gwaggonsa na leƙe ta taga tana dariya. Wajen karo na goma sha biyu hannunsa ya gane hanya, tsinin ya sauka kan santir, har da ɗan kwarmin. Mai ruwan ɗorawar nan na ce ya ba ƙannensa su yi wa ɗan rago ado. Na buɗe akwati na ba shi shuɗin nawa, na ce in ya gama ya dawo mini da shi a kwance.